Hotunan Manoman Baba

Abin da Afra'u ta fara lura da shi game da Muhyiddin shi ne yadda yake shafa gefen kwamfuta da yatsa in ta yi nauyi, kamar mai rarrashin jariri. Ranar ya zo injin shinkafar mahaifinta, Alhaji Ashafa, a hanyar Shabu, don ya saka manhajar da ya rubuta ta tsara layin manoma. Ta sunkuyar da kai tana dariya. Kafin damina ta wuce ya zama ɗan gida, har ana maganar aurensu.

Da kaka ta yi, manoma suka cika, sai manhajar ta koma rarrafe. A rubuta sunan mutum, a je a sha ruwa a dawo ba ta buɗe ba.

"Alhaji, wannan kwamfuta naka yana barci ne?" in ji Tavershima, wanda ya fi kowa kawo shinkafa. "Zan kwashe kayana in kai wani inji!"

Mahir, ɗan ƙanin Alhaji mai kula da ofis, wanda shi ma yake son Afra'u, ya ƙara zuga Alhaji. "Baba, ai na faɗa. A goge shirmen nan kawai."

Ran Alhaji ya ɓaci. "Wanda ya kasa riƙe layin buhu shi zai riƙe min 'ya? In Juma'a ta zo ba a gyara ba, kar magabatansa su tako min gida."

Da yamma saƙon Muhyiddin ya shigo wayarta: "Sanyin idona, kar ki damu. Lissafin nauyin buhu ne ke jan ta, ina sake rubuta shi."

Ta amsa: "Ka auna ka gani, ko zato kake?"

"Ni na rubuta ta, ai na san cikinta."

Ta wurga wayar kan katifa. Ita ma ilimin kwamfuta ta karanta, ya sani, amma ko sau ɗaya bai nemi ta duba ba.

Ranar Alhamis ta same shi a ofis, idanunsa sun yi ja.

"Tashi."

"Haba gimbiya..."

"Ban zo hira ba. Aurenmu kake caca da shi saboda taurin kai. Tashi na ce!"

Ta kunna furofaila, wato ma'aunin da ke nuna tsawon lokacin da kowane sashe na manhaja yake ci. Ta rubuta sunan Tavershima, suka jira. Da sakamakon ya fito ta juya masa allon.

"Ga lissafin da ka hana kanka barci a kansa, ƙiftawar ido ne. Dubi nan."

Kusan duk lokacin a wurin buɗe hotuna yake tafiya. Alhaji ba ya riƙe suna, fuska yake ganewa, shi ya sa ya ce a ɗauki hoton kowane manomi. Muhyiddin kuwa ya rubuta manhajar ta yadda in an nemi mutum ɗaya, sai ta buɗe hotunan duka. Da suka leƙa ma'ajiyar, bayan manoman sai ga Mahir jingine da mota, Mahir a wurin biki, ɗaruruwa. Duk abin da ke wayarsa ya juye ciki.

Suka gyara tare, hoto ɗaya kawai take kira. Alhaji ya zo ya gwada da kansa. Kafin ya ɗaga yatsa, ga fuskar Tavershima tana murmushi.

"Wa ya gyara?"

"Ita ce, Baba," in ji Muhyiddin. "Kuskuren nawa ne. Ta ce in auna, na ƙi ji."

Alhaji ya juyo gare shi. "Wanda zai faɗi haka a gaban mutane, zai iya zama da mace. Ka turo magabatanka gobe. Allah ya yi muku albarka."

"Amin!" in ji Tavershima daga taga. "Shinkafan biki ni zan kawo."

Afra'u ta ja mayafi ta rufe fuska. "Ban fa huce ba," ta ce wa Muhyiddin a hankali.

"To nuna min inda fushin ya fi nauyi, in fara gyara daga nan."

Ana cikin dariya Mahir ya ajiye makullin ofis a kan tebur, ya ɗauki wayarsa, ya bi ta bayan buhuna ya fice.