Gobe Za Mu Je

Tun da suka sauka a garin matarsa take tuna masa: "Gwaggon da ta raine ka fa tana kwance a asibiti. Mu fara da ita."

"Gobe," yake cewa. Suka hau jirgin ruwa, suka zaga kasuwar kifi, suka gaida abokansa. Goben ba ta zo ba.

Ana gobe za su koma gida, magariba ta riske su a bakin teku, mutane sun watse. Wata tsohuwa ce kaɗai tsaye a gefen ruwa, mayafi ya rufe mata fuska. Ya miƙa mata waya. "Inna, don Allah ɗauke mu hoto."

Yatsunta suka taɓa nasa, sanyi ƙalau. Matar ta damƙe masa hannu. Igiyar ruwa tana dukan ƙafafun tsohuwar, amma zanenta a bushe yake.

Tsohuwar ta ɗaga wayar, ta daɗe ba ta danna ba.

"Ɗago kanka mana, Kumatu," ta ce a hankali. "Na gaji da kallon ƙofa, na ce bari in zo da kaina."

Mutum ɗaya ce a duniya take kiransa da wannan suna.