Lakar Kogi a Ruwan Gishiri

Bayan magariba na shiga abra, kwalekwalen da ke ƙetarawa da mutane zuwa Deira. Wani ya zauna gefena, wandonsa sharkaf, yana warin lakar kogi, alhali ruwan nan na gishiri ne.

"Salmanu," ya ce, bai ko dube ni ba. "Ranar da muka guje wa yaƙi, aka buɗe mana wuta a iyakar Nijar, ka saki hannuna a tsakiyar kogi. Wannan na yafe maka."

Muryar yayana Ado ce, wanda ya shekara goma da rasuwa.

"Amma ka ce wa Inna ka yi min sutura. Shi ya sa har yau ba wanda ya sallace ni."