Ragon Ɗantani Mai Ƙafa Biyar

A wani gari can, an yi wani mai kiwo, Ɗantani, sarkin gaggawa. Ya kai wa Laraba mai buga hotuna ɗan hoton ragonsa, don ta ƙara masa girma a allon talla saboda masu saye. Tana jan hoton a kwamfuta, rago ya zama gida-gida kamar tabarma.

Ta ce, "Baba, sai na bi layinsa da hannu, a hankali."

"Ke 'yar nan, bar kwamfuta ta bi! Yi sauri!"

Kwamfuta ta bi rago, ta bi turkensa, ta haɗa su. Ranar kasuwa aka kafa allo, ga rago da ƙafa biyar, ni da kaina na ƙirga! Aka yi ta dariya, ba wanda ya taya.

Ɗantani ya dawo, ya shimfiɗa buzunsa. "'Yar nan, bi a hankali. Ba inda za ni."