Hawayen da Aka Kai wa Lilian

Da ciwon kai Zakiyyu ya shiga shagon tabarau na unguwar Bosso a Minna, ya fito da wanda ya fi shi. Mubina ce ta ɗora masa gilashi a fuska, ta sa yatsu ta gyara shi a bayan kunnensa, ta ce, "Ya matse?" Bawan Allah ya ce a'a, alhali ya matse. Ya yi ta dawowa gyara, har mai shagon ya fara yi masa sannu da aiki.

Ita ma zuciyarta ba dutse ba ce. Tana kiransa Malam Ido, yana kiranta Haskena, kafin damina ta wuce an kai gaisuwa an sa rana.

Sai kishi ya shigo. Wata ranar ya zo ɗaukarta, ya tarar tana gyara wa wani lakcara gilashi, yatsunta a bayan kunnen mutumin. Ko sallama bai yi ba ya juya. Da la'asar saƙonsa ya shigo:

"Haskena, ba zan iya ganin hannunki a fuskar wani ba. In an ɗaura aure, kin bar shagon."

Mahaifiyarsa dama abin da take faɗa ke nan. Mubina ta kai kuka wajen tata uwar, ita ma ta ce, "Namiji ne, kishinsa so ne. Ki yi haƙuri." Mubina na son Zakiyyu har cikin ranta, tana kuma son aikin da ta sha wuya kafin ta iya. Tunanin rasa ɗaya ya hana ta cin abinci.

Ana cikin haka ta haɗu da Lilian a kasuwa, wadda suka yi jami'a tare da Zakiyyu.

"Amarya! Yaya jikin Baban Zakiyyu a Kuta? Wannan shanyewar jiki ba sauƙi o. Zakiyyu ya yi kuka a waya sosai, ni ma na yi kuka."

Mubina ta ce da sauƙi. Ita kullum ce mata yake Baba na gona lafiya lau.

Da ya zo zance ta ƙi zama. "Baba ba lafiya, Lilian ta sani, ni ban sani ba?"

"Wallahi babu komai tsakanina da ita, ko hannunta ban taɓa riƙewa ba."

"Na yarda. Ba hannu nake tambaya ba."

"Haskena, namiji ba ya kuka gaban wadda zai aura. Kada ki raina ni."

"Kai yatsuna ka gani a kunnen wanda ko sunansa ban riƙe ba, ka ce in bar aiki. Ni hawayenka aka kai wa wata, an ce in yi haƙuri?" Ta nuna ƙirjinta. "Hawayen nan nawa ne fa, Malam Ido. Me ya rage min in na samu dariyarka kaɗai?"

Ya juya ya tafi. Ta ɗauka shi ke nan, ta yi kukanta ta ƙoshi. Ran Juma'a sai ga saƙo:

"Na yi kuskure biyu. Shagonki naki ne, na faɗa wa Hajiya. Gobe ki raka ni Kuta, ke da Na'ima ƙanwarki. Ina tsoro, Mubina."

A Kuta suka sami tsohon a kan tabarma, hannun dama a kwance. Zakiyyu ya durƙusa zai gaishe shi, gaisuwar ta maƙale, ya fashe da kuka kamar yaro. Ya ɗago a kunyace yana neman raini a idonta, bai samu ba. Ta miƙa masa gefen mayafinta, ta zauna kusa har ya gama.

Tsohon ya dube su, ya haɗa kalmomin da ƙyar: "Kada a ɗaga ranar saboda ni."

Ba a ɗaga ba. A Minna aka ɗaura, Lilian ta fi kowa rawa. Aka kawo Baba a kujera, ya ɗora hannunsa mai lafiya a kan amarya.

"Kin ga kukansa, ba ki gudu ba. Allah Ya yi muku albarka."

Zakiyyu ya ce amin, bai ko share fuskarsa ba.