Ƙyallen Rawaya a Jakar Gyeongho

A bakin tashar jirgin ƙasa ta Daegu, a Koriya ta Kudu, Daseul ta fara ganinsa. Ana ruwa, ya miƙo mata lemarsa, shi kuma ya tsaya yana jiƙewa kamar wawa. Gyeongho sunansa. Fuskarsa ta kwanta mata. Sai da ya juya ta hangi ɗan ƙyalle rawaya maƙale a jakarsa, gabanta ya faɗi.

Mahaifinta, tsoho Pyo, gwani ne wajen gane 'yan ra'ayin sauyi, waɗanda ya tsana: daga jaridar da mutum ya riƙo, daga garinsu, har daga ƙungiyar wasan da yake yi wa tafi. Tun rasuwar matarsa wannan ne aikinsa. Ƙyallen nan kuwa, da ake ɗaurawa tun nutsewar wani jirgin ruwa ɗauke da 'yan makaranta, a wurinsa katin jam'iyyarsu ne. Ya ma riga ya zaɓa mata ɗan abokinsa, likitan haƙori mai ra'ayi irin nasa da hira mai sa barci.

Duk da haka soyayya ta yi nisa. Da lokacin zuwa gaida mahaifinta ya matso, ta tura masa saƙo:

"Yayana, ka cire ƙyallen nan ranar Asabar. Yini ɗaya kawai."

"Ki roƙe ni komai, 'yar lelena, ban da wannan."

"Ashe siyasa ta fi ni."

Ta kwana biyu tana kuka, amma Asabar ɗin sai ga shi, da kwandon tuffa da jakarsa.

Ya durƙusa gaban mahaifinta ya kai goshi ƙasa. Tsoho Pyo bai dube shi ba, jakar yake kallo.

"Wa ka zaɓa bara, yaro?"

"Wanda ba ka so, Baba."

"Ko ƙarya ba ka iya ba. Wannan tsumman fa, nawa suke biyanku ku rataya shi?"

"Baba, don Allah," in ji Daseul.

Gyeongho ya ce, "Na ƙanwata ne. Tana cikin jirgin."

Daseul ba ta taɓa sani ba. Ita ma, ashe, irin fassarar mahaifinta ta yi wa ƙyallen tun a tasha, ba ta tambaya ba.

Tsohon ya ce, "Shekarunta nawa?"

"Sha bakwai."

"Ɗakinta fa?"

"Yana nan yadda ta bar shi."

Tsoho Pyo ya kalli ƙofar ɗakin matarsa, wanda shi ma bai taɓa komai a cikinsa ba. Ya jawo kwalbar giyar soju ya zuba wa saurayin da hannunsa.

"Ra'ayinka dai shirme ne."

"Na ji, Baba."

"Sha."

A lokacin kaka aka ɗaura auren. Rabin dangin Pyo ba su zo ba, waɗanda suka zo kuma suka ci abinci suna gunaguni. Da ango da amarya suka durƙusa gabansa, aka jira doguwar huɗuba, sai ya riƙe hannuwansu biyu.

"Ranar zaɓe kada ka tako gidana," ya ce wa Gyeongho. Sannan muryarsa ta sauka. "Allah ya yi muku albarka. Ku tsufa tare. Kada ɗayanku ya yi saurin tafiya ya bar ɗaya."