Kaza a Murhun Ƙona Allurai

A shekarar da bama-bamai suka tashi a Kano, ɗan sanda mai son ransa ba ya yawo da kaki a cikin birni. Shi ya sa da Sufeto Maharazu ya isa wani ƙaramin asibiti a bayan Ƙofar Nassarawa da hantsi, yadi ne a jikinsa da hula, sai ka rantse malamin makaranta ne.

'Yan dako ya tarar cike da bakin ƙofa, kowa ransa a ɓace, suna ihu a fito musu da Sista Luba. Ita kuwa likita ya kulle ta a ofishinsa don kada a yi mata illa.

Abokin aikin 'yan dakon ne ya rasu, wani saurayi mai suna Salihu. Ranar harin bam ɗin ƙarfe ya yanke shi a ƙauri. An ɗinke, har ya fara taka ƙafa, sai ga zazzaɓi mai zafi, yau da asuba ya cika. Luba ce ke yi masa allura kullum, don haka laifi ya hau kanta.

Likita ya yaye mayafin gawar. "Duba ƙafar, Sufeto. Ta warke sarai. Ga inda ɓarnar take."

Wurin allurar ne ya kumbura suntum, ya tara mugunya.

"Shi kaɗai ne?"

"Akwai wasu a kwance masu irin ƙurjin nan, har da mai jego. In ba mu gano dalili ba, za mu ƙara fitar da gawa."

A ofis Luba ta ci kuka har idonta ya kumbura.

"Sirinji ɗaya kike yi wa mutane allura da shi?" in ji Sufeto.

"Wallahi tallahi, Yallaɓai, ban taɓa ba. A gaban mara lafiya nake yage ledar."

"Daga ina sirinjin ke zuwa?"

"Daga sito, wajen Alhaji Baffa."

"In kin gama fa?"

"In jefa a kwalin shara. Baba Ɗanladi ne ke kaiwa murhu ya ƙona."

Murhun na bayan asibiti, ginin bulo mai ƙofar ƙarfe da bututun hayaƙi. Ɗanladi, dattijon leburan asibitin, ya biyo Sufeto yana ta sosa ƙeya.

"Baba, yaushe rabonka da kunna wuta a nan?"

"Jiya-jiyan nan, Yallaɓai. Ba na fashi."

Sufeto ya ja ƙofar ƙarfen. Sai ga kaza ta fito fur tana masifa, 'yan tsaki na biye da ita. A cikin toka mai sanyi ga ɓawon ƙwai nan birjik.

"Jiya ka kunna wuta," in ji Sufeto, "kaza ta shiga ta yi ƙwai, ta kwanta, ta ƙyanƙyashe kafin gari ya waye? Baba, da furfurarka?"

Ɗanladi ya durƙusa. "A yi mini rai. Alhaji Baffa ne ya hana. Ya ce in sojoji suka ga hayaƙi za su zaci bam ne su buɗe mana wuta. Ya ce in riƙa aje masa sharar a bayan sito, shi zai kai ta bayan gari."

Alhaji Baffa mutum ne mai tumbi da ƙamshin turare, carbi ba ya barin hannunsa. Da Sufeto ya same shi a sito, tun kafin a tambaye shi ya shiga yabon kansa.

"Yallaɓai, a wannan halin da ake ciki, wane asibiti ne bai yi kukan rashin kaya ba? Mu kuwa sitonmu cike yake. Ni nake ratsa shingen sojoji in kawo."

"Sharar fa?"

"Na kai bayan gari na binne. Taimako na yi."

Sufeto ya zaro sirinji ɗaya daga kwali, ya ɗaga ledar wajen taga. Bakinta a yamutse yake, da ɗan baƙin hayaƙi a gefe. Duk wanda ya taɓa sayen gyaɗa a leda ya san liƙin kyandir in ya gan shi.

"Kamfani ne ya liƙe wannan?"

"Kayan waje ne, haka suke zuwa."

"Me ya sami babban yatsanka ka naɗe shi da bandeji?"

"Ƙofar mota ce ta datse ni."

Sufeto ya yi masa godiya ya fita, zuciyarsa na tafasa. Mutanen da ke tayar da bam a gari aƙalla ba sa zama da carbi suna jiran a ce musu sannu da ƙoƙari.

Ya koma wajen Luba da tambaya guda. "Iyalin Alhaji Baffa sun taɓa kwanciya a nan?"

"'Yarsa Hassana, makon jiya." Ta ɗago kai a hankali. "Ya hana ni taɓa kwalin sito. Ana dab da dokar hana fita ya tafi har Sabon Gari ya sayo mata nata. Na ɗauka girman kai ne."

"Share hawayenki, Malama. Akwai allura ɗaya da za ki yi."

A babban ɗakin marasa lafiya Sufeto ya tara likita da Luba a gaban jama'a. Mahaifiyar Salihu, Iya Tani, na zaune a bakin gadon da ɗanta ya bari, rungume da ƙullin kayansa. Aka kira Alhaji Baffa.

Sufeto ya ce, "Likita, duba mana yatsan Alhaji. Ban so ganinsa ba."

Baffa ya so ya noƙe, amma idon jama'a ya yi masa yawa. Likita ya warware bandejin. Babu alamar datsa. Ɗan huji ne ƙarami, irin na tsinin allura, kewayensa ya yi ja.

"Wannan yana son allura yanzu-yanzu," in ji likita.

Luba ta ɗauko sirinji daga kwalin sito, ta yage ledar a gabansa kamar yadda take yi wa kowa, ta zuƙi magani. "Alhaji, naɗe hannun riga."

"A'a, a bari, na sha ƙwaya a gida."

"Haba Alhaji," in ji Sufeto. "Kayan waje ne fa. Kai ka ratsa shingen sojoji ka kawo."

Luba ta matso. Sai ƙaton mutumin nan ya zabura ya ja da baya har ya ture kwanon fitsari, carbi ya faɗi ƙasa.

"Kada ki taɓa ni da shi! Luba, don girman Allah kada ki taɓa ni da shi!"

Luba ta tsaya da sirinjin a hannu.

"Me ya sa?" in ji Sufeto.

Baffa ya zube a ƙasa, gumi na karyo masa. "Na shara ne. Sababbin masu kemis nake kai wa. Waɗannan a bayan sito nake wanke su da sabulu da ruwan rijiya, in mayar a leda in liƙe. Garin wankin ne ɗaya ya soke ni. Na ɗauka wanki ya isa, wallahi."

"In ya isa, miƙo hannu."

Bai miƙa ba. Sai da Sufeto ya zaro ankwa sannan hannun ya samu.

"Ka ji tsoron allura ɗaya," in ji Sufeto a fusace. "'Yarka ka ratsa gari ka sayo mata mai tsabta. 'Ya'yan mutane kuwa ka ɗura musu dattin shara a jini, ka tsaya kana kallo za a jefe yarinyar nan a kan laifinka."

Likita ya ba da umarni a kwashe duk kwalayen sito a kai murhu, a aika Sabon Gari a sayo sababbi don mai jegon da sauran. Ɗanladi ya kori kazar, ya kunna wuta. Hayaƙi ya tashi baƙi ƙirin, kuma babu sojan da ya ko waiwayo.

Da aka zo wucewa da Baffa ta gabanta, Iya Tani ta miƙe. Ba ta yi ihu ba, ba ta zage shi ba.

"Alhaji," ta ce, "ranar da aka kawo shi, kai ne ka tare ni a bakin ƙofa ka ce in gode wa Allah, bam bai kashe mini shi ba."

Baffa ya sunkuyar da kai. Sufeto ya tasa ƙeyarsa zuwa mota, 'yan dako suka dare suka ba su hanya. Can ciki Luba ta wanke hannu, ta nufi gadon mai jego.