Uwar Badr Tana Iskandariyya

"Wa kake ɓoyewa a Masar, Badr?"

A tsakiyar kasuwar Bab Makka ta Jidda Zakiyya ta jefa masa tambayar, suna zaɓen yadin biki. Allah ya yi ta da bin diddigi, kuma ta lura duk hutu Kano yake tafiya gidan mahaifinsa, bai taɓa leƙa Iskandariyya ba, garin da aka haife shi, inda mahaifiyarsa take.

Sajida, maƙwabciyarsu da ta daɗe da ƙyalla ido a kansa, har ta kai wa Kawu Mailafiya, waliyyin Zakiyya, cewa mata gare shi a can. Kawu ya ce halas, babu ɗaurin aure sai uwar yaro ta zo da kanta.

Badr ya ajiye yadin.

"Habibti, ba mace nake gudu ba... soja nake gudu."

Ashe ɗan ƙasa biyu ne, Najeriya ta uba, Masar ta uwa. Yana yaro ya baro can, bai daidaita maganar aikin soja ba. Tsoronsa ya shiga a hana shi fita, iƙamarsa ta zama a Saudiyya ta mutu, aikinsa ya tafi, ita ma ya rasa ta. Mahaifiyarsa kuwa ta ɗauka guje mata ya yi. Ta ce uwa ba ta bin ɗa, ta daina ɗaga wayarsa.

Tausayinsa ya kama Zakiyya har ta ji kunyar zarginta.

"To ai ni soja ba sa nemana," ta ce.

Ta ja yayanta Musbahu suka hau jirgi zuwa Iskandariyya. Da mahaifiyar Badr ta buɗe ƙofa ba ta ko kalle su ba, bayansu take leƙawa. Zakiyya ta durƙusa ta zayyana mata komai da Larabcinta na Jidda.

Sai a lokacin matar ta dube ta. Can ta tambaya a hankali, "Ya rame?"

"Ba zan faɗa ba, Mama."

"Ya tara gemu?"

"Wallahi ba za ki ji a bakina ba. Yana unguwar Madain Fahd a Jidda, sai dai ki je ki gani."

Dattijuwar ta harare ta, hawaye na zuba.

"Ke ce zai aura? Allah ya taimake shi... Shiga ɗaki ki sauko min da akwatina."